Babur Mai Ƙin Hagu

Mumuni ya dawo Gidan Auta bayan shekara shida a Libiya da akwati ɗaya, da shuɗiyar rigar aiki wadda baƙin mai bai taɓa taɓawa ba, da wata ƴar na'urar awon wuta mai igiya biyu, ja da baƙa. Daminar bara ta ɗauke tun gero bai fidda kai ba, bana kuma sojoji sun karɓi mulki a Yamai, har rediyo ta fara kiran yunwa da sunanta. Duk wanda ya dawo ci-rani a wannan bazara, hannunsa ake fara dubawa kafin fuskarsa. Mumuni ya ce shi abin da ya kawo ba ya shiga buhu, a ka yake.

A garejin da ya zauna a Sabha, can Libiya, aikinsa dafa shayi da share fili, sai ran da aiki ya yi yawa a ce ya riƙe fitila. Amma ya riƙe fitila a kan injuna masu yawa, kuma a ganinsa duk injin da ya haska shi ya gyara. Shirinsa ya kafa gareji a bakin kasuwar Atantane, da allo mai rubutun Faransanci da Larabci, Gajere tsohon bakaniken wurin ya koma facin taya. Abin da ya rage masa aiki guda, wanda za a yi a gaban mutane.

Aikin yana bayan darninsu. Baba Filibus, dattijon ƴar majami'ar garin, shi ne sakataren rumbun tsimi, don shi ya yi lakkol, wato karatun boko. Yana da babur da wani Bature mai aikin rijiyoyi ya bar masa da zai koma gida. Ba irin na ƴan kabu-kabu ba ne. Fanfo ne a cikin tanki ke tura mai, wata ƴar ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin sirdi tana aunawa. Shekara biyu ko tari bai yi ba. Sai wata guda da ya wuce ya tsiri hali: yana cikin tafiya lafiya, sai ya sarƙe, ya yi tari, wata ƴar fitila ruwan ɗorawa ta hau ƙyaftawa, wani lokaci ya farfaɗo, wani lokaci ya mutu. In an tsaya dubawa kuma ya tashi sumul.

Ran Litinin saƙo ya iso. Wata ƙungiya za ta raba gero, amma sai garin da ya kai sunayen magidantansa biro, wato ofishinta, a Mayahi kafin azahar ta ran Alhamis, kuma sakatare da kansa zai sa hannu. Gida tamanin da huɗu ne a Gidan Auta, kuma a yawancinsu ganye ake dafawa.

“Ka hau jaki yau,” in ji Lidiya, matar Filibus. “Ka yada zango Atantane, ka isa da sauran rana.”

Kan Mumuni ya leƙo ta saman darni. “Inna Lidiya, ina cikin garin nan a hau jaki?”

“Jaki ba ya tari.”

“Anjeksiyon ne wanga, mai fanfon tura mai. Na gyara irinshi ya fi ɗari. Da ido ma nake gane ciwonsu.”

Filibus ya dubi gwiwarsa mai ciwo, ya dubi jakin, wanda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Ya miƙa makulli.

Mumuni bai yarda ya yi aikin a cikin gida ba. Ya tura babur ɗin gindin tsamiyar dandali, ya ce can haske ya fi. Ba noma ba sussuka, don haka rabin gari ya zo, har Namadi mai gari da kujerarsa. Mumuni ya tada inji, inji ya yi ta waƙarsa. Ya ɗora jar igiya a nan, baƙa a can, ya karanta lamba da ƙarfi.

“Sha biyu da ɗigo shida.”

“Mi ke nan?” in ji mai gari.

“Lafiya ce, ranka shi daɗe, amma da saura.”

Ya ƙara ɗaure noti ɗaya na madubi, ya kakkaɓe hannu, ya ce an gama. Filibus ya hau, ya miƙe sak har rijiya, ya karya zai bi hanyar Atantane, babur ya yi tari uku ya mutu. Ya turo shi ya dawo yana ɗingishi.

“Ɗazu ganina ya yi ya natsu,” in ji Mumuni. “Irin wanga suna da ƙwaƙwalwa. Sun san bakanike.”

Ya kwanta ƙarƙashin babur ɗin ya daɗe yana lalube. Yayarsa Zara'u, wadda tun da ya dawo ita ke ciyar da shi, ta tsaya a kansa da tulu.

“Mi ya ɓace maka?”

“Karbirato.”

“Ba ka ce anjeksiyon ne ba?” in ji Filibus. “Baturen ya ce mani irinsu ba su da shi.”

“Suna da shi, Baba. Ɓoyewa suke yi don kada a gyara a nan.”

Da bai same shi ba, ya ɗora laifin a kan esansi, wato man fetur, irin na kwalba. Ya ce a kawo tasa, ya zuƙi tiyo da baki, ya haɗiye na farko, ya zuba sauran. Ya ce sai an tace da yadi mai laushi, ya miƙa hannu ya zare kallabin Zara'u.

“Na biki ne,” in ji Zara'u.

“Yaya, wa ke biki bana?”

Aka tace. Kallabi ya sha kasonsa, yashi ya sha nasa. A tsakiyar yadin aka sami kiyashi guda ɗaya, Mumuni ya ɗora shi a tafin hannu ya zagaya da shi kowa ya gani, har mai gari ya sunkuya. Filibus ya sake hawa. Daidai rijiya babur ya sake mutuwa.

“Ashe da ƴan uwanshi ya shiga,” in ji Zara'u.

Ran Talata ya fara da buji, ɗan ƙarfen da ke ba inji tartsatsin wuta. Ya kwance shi, ya kankare da reza, ya ce sai an ga ko wuta na zuwa, kuma aiki mai daraja irin wannan babba ake ba. Ya ɗanƙa wa mai gari bujin, ya ce ya riƙe ƙarfen da kyau, sannan ya danna maɓallin tada inji. Namadi mai gari, wanda shekara goma ba a ga ya tashi daga kujera ba tare da an kama shi ba, ya miƙe tsaye shi kaɗai, ya faɗi wata kalma da tun yana saurayi ba a ji ta a bakinsa ba. Liman ya duƙar da kai.

“Wuta na zuwa,” in ji Mumuni.

Mai gari ya sa aka matsar da kujerarsa can bayan tsamiya.

Sai Mumuni ya koma kan ƴar fitilar nan mai ƙyaftawa. Filibus ya ce ya lura duk ran da abin ya tashi, ƙyaftawarta iri ɗaya ce, doguwa ɗaya gajeru biyu, ta huta ta sake. Mumuni ya ce ai ita ce ke ruɗa ƙwaƙwalwar, kowa ma aka yi ta ƙyafta masa ido dole ya rikice. Ya tauna cingam ya liƙe ta.

“Ga shi ta daina.”

“Ta daina,” in ji jama'a, don gaskiya ce.

Babur dai bai daina ba. Mumuni ya ce to abin ya kai ga shugabanci. Ƙwaƙwalwar ta daɗe a kan mulki, ta fara yin abin da ta ga dama. Ya cire kan batir, ya sa kowa ya yi shiru, ya ƙirga ɗari, ya mayar.

“Na yi mashi juyin mulki. Yanzu sabon tsari ne.”

Sabon tsari ya kai Filibus rijiya, ya yi tari uku, ya mutu.

“Ka hau jaki,” in ji Lidiya. “Yanzu ma in ka tashi ka isa.”

Filibus ya buɗe baki, amma Mumuni ya riga shi. Ya rantse ya ce gobe kafin hantsi babur zai tashi kamar ran da aka ƙera shi, in bai tashi ba ya ɗauki Baba a wuya har Mayahi. Filibus mutum ne mai kunyar ɗan maƙwabci, ya goya Mumuni yana jariri. Ya ce a bari zuwa gobe.

Ran Laraba Mumuni ya kwance sirdi da fitilar gaba, ya warware baƙar robar da ta naɗe wayoyi, suka zubo kamar hanjin akuya. Ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi masa tsawo ya rage su, ya ce wuta na gajiya a hanya. Da ya zo haɗawa sai ya ga kore uku ne, kuma ba wanda ya yi kama da wani fiye da ɗan uwansa. Ya yi bisimilla ya haɗa. Da ya murɗa makulli wani abu ya yi ƙyas, komai ya ɗauke. Ya gano fizibil ne, ɗan abin da ke kare wayoyi daga yawan wuta, ya ƙone, ya karɓi kwalin taba ya yagi takardar nan mai ƙyalli ya cusa a gurbinsa. Babur ya tashi. Ciwon yana nan, sai dai an sami ƙari: duk wanda ya taka birki, oda ce ke kuka.

“Da gangan ne,” in ji Mumuni. “Haka ake yi a manyan birane.”

La'asar ta yi, jaki ya fita daga magana. Filibus na zaune a ƙasa riƙe da takardar sunaye, yana karantawa kamar zai sami wata hanya a ciki. Lidiya ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana duban rijiya.

“Ni dai ban san inji ba,” in ji ta. “Amma sau nawa ke nan ina kallo, bai taɓa mutuwa a miƙe ba. Sai ka karya hagu.”

Mumuni ya tashi a hankali, ya tada inji, ya karya kan babur dama, inji na waƙa. Ya karya hagu, inji ya yi tari ya mutu. Ya sake, haka. Ya sake, haka.

“Abin da nake jira ku gani ke nan,” in ji shi. “Tun Litinin na sani, ina son ku fahimta da kanku.”

Ya yi bayani. A ƙasar Turawa duk mahaɗar hanya zagaye ce, dama ake shiga. Babur ɗin nan ba a koya masa hagu ba.

“Shekara biyu yana yin hagu,” in ji Filibus.

“Haƙuri yake yi, Baba. Yanzu ya gaji.”

Ya share yashi da tafin hannu ya zana hanya. Ba a buƙatar hagu don zuwa Mayahi. Duk inda hanya ta karkata hagu, sai a wuce ta kaɗan, a zagayo ta dama har a fuskanci inda ake so. Gonaki kuma fili ne fetal bana, ba karan kowa da za a taka. Shi da kansa zai tuƙa, don abin na buƙatar ilimi.

Alhamis da sassafe gari ya fito rakiya. Filibus ya sa takardar a gafaka ya rataya cikin riga. Liman ya yi addu'a, Filibus ya yi tasa, Lidiya ta ce amin ga duka biyun. Mumuni ya gyara rigar aikinsa ya ba da wuta.

A rijiya ya wuce hanyar Atantane, ya kwanto dama, ya kewaye rijiyar gaba ɗaya. Matan da ke jan ruwa suka yi ta juyawa da shi, guga a hannu. Ya taka birki, oda ta yi kuka, ya faɗa hanya. Babur bai yi tari ba. Jama'a suka dubi juna.

“To,” in ji mai gari daga nesa.

Sai dai hanyar daji ba ta san da shirin ba. Tana kauce wa kowane gawo da kowane kwazazzabo, rabi dama rabi hagu. Babur mai nauyi da mutum biyu a cikin yashi ba ya juyawa a ƙaramin wuri, don haka kowace hagu sai ta ci gonar mutum guda. Filibus ya fara ganin bishiyoyi suna tafiya da kansu, ya rufe ido. A wani fili da hanyoyin shanu uku suka haɗu, Mumuni ya zagaya, ya ga kamar bai cika ba ya ƙara, sannan ya kama hanyar da ta fi faɗi ya miƙe da gudu.

Da hantsi suka hango gari. Mumuni ya ce ga Atantane, ya ce Baba ya duba agogo ya shaida. Filibus ya buɗe ido ya ga tsamiya, ya ga kujera, ya ga jakinsa.

Wata tsohuwa ta fara guɗa, tana zaton har an kai an dawo. Zara'u ta dafa kafaɗarta.

“Gwaji ne,” in ji Mumuni. “Yanzu za mu tafi na gaske.”

Filibus ya gyara zama a bayan babur. Ya dubi rana, ya taɓa gafakar, ya nuna hanya da hannu. Daga nan shi ke faɗin inda za a bi, da yatsa, ba da baki ba.

Suka isa Atantane rana ta kusa tsaka, ga shi ranar kasuwa. Hanyar Mayahi kuwa hagu take, daidai tsakiyar kasuwa.

“Tsaya in sauka mu tura,” in ji Filibus.

“A gaban Gajere? Baba, riƙe ni da kyau.”

Ya wuce mahaɗar ya kwanto dama, dama kuma kara ce, inda kowa ya kawo dabbarsa don ya sami na hatsi. Ya taka birki, oda ta yi kuka, jakai suka tsinke. Ya saki birki, ya ratsa tsakanin mai garin rogo da mai busasshen zogale, igiyar awaki huɗu ta sarƙe a madubi, awakin suka bi shi ba da son ransu ba. Mai awakin ya bi awakinsa, dillali ya bi mai awaki yana cewa ciniki bai faɗa ba. Da suka kewayo, wata motar itace ta toshe mahaɗar, Mumuni ya sake zagaye. A zagaye na biyu mutane suka fara ja da baya suna buɗe masa fili, wasu na tambaya ko sanarwa ce daga Yamai. A na uku wani raƙumi ya gaji da tsayuwa ya durƙusa a gabansa. Dama rumfar mahauta, gaba raƙumi. Mumuni ya karya hagu.

Babur ya yi tari uku ya mutu, daidai bakin rumfar Gajere.

Gajere na zaune a kan tsohuwar taya yana cin goro. Ya gaida Filibus, ya tambayi gida da iyali da zafi, Filibus ya amsa duka, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi da abin da babur ke yi. Kasuwa ta kewaye su. Gajere ya kwance awakin ya miƙa wa mai su. Ya tada inji, ya karya kan babur hagu a hankali, a hankali, kunnensa a ƙasa, har inji ya fara sarƙewa. Ya tsayar da shi nan, ya zura yatsa a wuyan babur inda wayoyi ke lanƙwasawa, wuri ɗaya tak da Mumuni bai kwance ba don yana da wuyar kaiwa. Ya jawo wata siririyar waya. Robarta ta cinye, jan ƙarfe a waje, in an karya hagu sai ta taɓa jikin ƙarfen babur.

Ya kawo ta kusa da ido. “Malam Filibus, ina kake aje shi?”

“Ɗakin hatsi. Ba komai ciki bana, ba kowa.”

“Akwai kowa,” in ji Gajere. Ya nuna wa na kusa sawun haƙora. “Bana ɓera ma abin da ya samu yake ci.”

Ya yanki bakin tsohon tub na taya ya naɗe wayar, ya ɗaure. Ya karya hagu har ƙarshe, inji na waƙa. Ya ga cingam, ya ɓamɓare shi da farce.

“Fitilar nan ita ke faɗin ciwon, ƙyaftawarta ake ƙirgawa. Wa ya rufe mata baki?”

“Ni dai ni na gano maganar hagu,” in ji Mumuni.

“Lidiya ta gano,” in ji Filibus.

Gajere ya ga takardar taba a gurbin fizibil, ya cire ta da yatsa biyu, ya sa na gaske, bai tambayi kowa ba. Ya girgiza babur ɗin, tanki ya amsa da ƙyar. Zagaye ya shanye man. Wani mai sai da esansi, Danda, ya ratso jama'a da kwalba biyu ya juye, ya ce kada a yi masa magana, surukarsa na cikin takardar nan. Gajere ya tofar da goro ya hau gaba, Filibus ya hau baya. Mumuni ya matso yana neman inda zai raɓa.

“Mutum biyu yake ɗauka,” in ji Gajere. Ya karya hagu suka tafi.

Mumuni ya juya ga jama'a ya fara bayanin cewa shi ya sassauto ciwon har ya fito fili. Mai garin rogo ya ce to ya zo ya sassauto masa garinsa daga cikin yashi. Sai bayan la'asar ya kama hanyar gida a ƙafa.

A Mayahi sun iske mai biro ya fito da buta. Filibus ya tsaya gabansa, ya zaro gafaka. Mutumin ya dubi rana, ya dubi dattijon, ya ajiye butar ya koma ciki ya ɗauko alƙalami.

Bayan sati biyu mota ta sauke buhuna a rumbun tsimi na Gidan Auta. Mai gari ya tara mutane ya ce za a yi rabo kaɗan kaɗan don ya kai damina, saura kuma a ajiye, amma tunda an ga irin ɓerayen bana, sai an sa mai tsaro. Ya ce a garin nan mutum ɗaya ne ba shi da aikin yi. Kowa ya dubi Mumuni.

Mumuni ya gyara tsayuwa. Ya ce ranka shi daɗe an zaɓi daidai. Ya ce a Sabha akwai wani tarko na zamani da ake haɗawa da batir, shi ya san sirrinsa, in aka ba shi kwana uku da waya kaɗan ko ƙuda ba zai shiga ɗakin ba.

Lidiya ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta.

“Ranka shi daɗe, ni dai a auna mani nawa duka yau.”

Zara'u ta tsaya bayanta. Kafin Mumuni ya gama zana tarkon a yashi, layi ya kai rijiya.